Digirin Edita da Birkin Gefena

Litinin, bayan sallar asuba

Na duba mota. Ruwa, mai, taya, birki. Lafiya lau.

Jiya ina wanke ta a ƙofar gida 'yata ta fari ta zo ta tsaya da bokiti a hannu. Sunan Inna ta ci, don haka ba mai kiran sunanta a gidan nan, Edita muke ce mata. Ƙanena Auta ne ya laƙaba mata tun tana firamare, saboda ba ka isa ka ba da labari a gabanta ba sai ta ce, "Ba haka aka yi ba." Ta ajiye bokitin ta ce, "Baba, kwaleji ta fara ɗaukar ɗalibai. Aikin jarida nake so. Digiri."

Na ce, "To, bari in bincika." Na ci gaba da goge gilashin da na riga na goge.

Ban kalli tagar ɗakin baya ba. Ita ma ba ta kalla ba. Auta yana ciki tun ranar da muka je muka ɗauko shi daga inda aka tsare shi. Shi ma aikin jarida yake yi, har zuwa watan jiya.

Kusan shekara ashirin ina koyar da mutane tuƙi, karatuna kuma a sakandare ya tsaya. Ban san bambancin digiri da difloma ba, na dai san duka ana sa hula mai igiya a ɗauki hoto. Zan bincika da gaske. Abu ne da ake bi daki-daki kamar komai.

Talata, da hantsi

Allah mai sauƙi. Ashe ɗalibata ta safe, wadda take tsoron shataletale, a ofishin ɗaukar ɗalibai na kwalejin take aiki. Magatakarda nake ce mata a raina. Ta haura hamsin. Mijinta ya rasu ya bar mata mota a gareji, ta rantse sai ta tuƙa ta da hannunta.

Muna fili muna gwada ribas tsakanin durom biyu na yi mata tambayar. Nan take ta saki sitiyari ta fara nuna min da yatsu.

"Hajiya, sitiyari."

"Malam, ai kai ka tambaya!"

Na sa ta tsaya ta ja birkin hannu, sannan ta yi bayani. Satifiket bai kai shekara ba, aikin hannu kawai ake koya wa mutum: yadda ake riƙe na'urar ɗaukar magana, yadda ake tsara gajeren labari. Difloma shekara biyu. In mutum ya ɗora biyu a kai, ta zama babbar difloma. Digiri shekara huɗu ne a jere. Akwai kuma digiri na biyu, amma ta ce wannan na wanda ya ci na farko bai ƙoshi ba ne.

Na ce, "Wato kamar lasin. Na babur, na ƙaramar mota, na babbar mota."

Ta ce, "Kusan haka. Sai dai mu a wurinmu ba a buge durom." Tana sa giya ta buge durom.

Na ji daɗin yau. Ina son in ga abu ya jeru a kaina.

Talata, bayan magariba

Auta ya ci rabin abincinsa. Jiya ko rabin bai kai ba. Inna ta ce kada wanda ya yaba masa, a bar shi kawai.

Laraba, da safe

Ruwa, mai, taya, birki. Tayar baya ta hagu ta ɗan yi sanyi, na ƙara mata iska.

Rediyon falo har yanzu da mayafin Inna a kansa. A da da shi muke karyawa, ana labarai Edita tana gyara wa mai karantawa. Yanzu sai ƙarar cokali a kofi. Maman yara tana ƙoƙari, tana kawo labarin maƙwabta, wa ya sayi firji, wa ya fasa tafiya. Muna dariya. Ba laifi, gida yana nan lafiya.

Alhamis, da azahar

Yau na ƙaru sosai. Magatakarda ta ce sashen nasu ba layi ɗaya ba ne. Akwai masu neman labari su rubuta, su ne ainihin 'yan jarida. Akwai masu talla. Akwai kuma wani abu wai shi hulɗa da jama'a.

Na ce, "Su kuma me suke yi?"

"Su ne masu rubuta wa kamfani sanarwa. Ofis, fanka, kujera mai juyawa. La'asar na yi su tashi."

"Ba sa zuwa ko'ina?"

"Sai wurin liyafa."

Kuma ana yin diflomarsa, shekara biyu. Gini ɗaya ne, ƙofa ɗaya, malaman ma kusan ɗaya. Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Ba wanda zai ce na hana ta shiga kwaleji.

A hanyar komawa wani mai keke ya faɗo mana daga lungu. Motar koyo birki biyu gare ta, na direba da na gefen malami. Na taka nawa a hankali, mota ta tsaya cak. Magatakarda ta dafe ƙirji ta ce, "Malam, ka ga yadda na tsaya?" Na ce na gani, madalla. Ubangidana da ya koya min aikin ya sha gaya min cewa in ɗalibi ya ji ka taka, to ka ɓata darasin. Ba yabon kai ba, na ƙware a wannan. Ƙafata ba ta ƙara.

Juma'a, bayan la'asar

Na zaunar da Edita a teburin cin abinci. Don ta gane sosai na ɗauko ɗan ƙaramin kofin magani, da kofin shayi, da jug. Na ce wannan satifiket, wannan difloma, wannan digiri. Na yi bayanin kowanne yadda aka yi min, ban tsallake komai ba. Ta saurara har ƙarshe, hannu a haɓa.

Na ce, "Ni a ganina kofin shayi ya fi. Shekara biyu kin gama. In kin ga da kyau sai ki ɗora biyu. Ba a fara koyo da babbar mota."

Ta ce, "Difloma a me, Baba?"

"A sashen ne dai."

"Baba, a me?"

Na ce hulɗa da jama'a. Na yi maganar fanka. Ban san me ya sa na yi maganar fanka ba.

Ta juya kofin shayin a hannunta ta ce, "Baba, su ne fa waɗanda Baffa Auta yake kira a waya su ce masa ba su da abin cewa."

Na ji maman yara ta shaƙe da dariya a kicin. Edita ba ta yi dariya ba. Ta ce za ta yi tunani, ta kwashe kofunan ta wanke.

Da muka keɓe maman yara ta ce, "Malam, ka ce tsoro kake ji mana, ka huta da jera kofuna."

Na ce ba tsoro ba ne, tsari ne.

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'ar tsari."

Ina ganin na yi bayani da kyau. Ina gani dai.

Asabar, da yamma

Lauyan Auta ya zo. Sun daɗe a ɗakin baya. Da zai tafi ya ce a ci gaba da haƙuri, kuma kada Auta ya amsa lambar da bai sani ba.

Lahadi, da hantsi

Ranar Edita ce a fili. Tun da ta gama sakandare nake koya mata duk Lahadi. Ba don 'yata ce ba, yarinyar nan tana da hannu. Tana sakin kuloci kamar ana zuba mai, tana duba madubi ba sai an ce mata ba. Ta yi ribas tsakanin durom sau uku, ko iska ba ta taɓa su ba. Na ce ta zo ta koya wa Magatakarda. Ta ce sai in zan raba albashina da ita.

Ba mu yi maganar kofuna ba. Mun tsaya mun sayi burodi mai zafi, ta cinye kansa kafin mu iso gida, ta ce ɓera ne. Rana mai kyau.

Litinin, bayan magariba

Inna ta kira ni ɗakinta in gyara mata ƙafar gado. Ina durƙushe ta ce, "Me kuke ƙus-ƙus kai da takwarata?"

Na ce maganar makaranta ce.

Ta ce, "Uhm."

Ban gaya mata ba. In aka tsaya a kan difloma, ba sai kalmar jarida ta shiga kunnenta ba ma. Tsohuwar nan ta ga abin da ya ishe ta a watan nan. Ranar da muka shigo da Auta ba ta yi kuka ba, ta dai tashi ta ɗora ruwan zafi, sannan ta rufe rediyo. Wannan ma tsari ne, ba ɓoyo ba.

Talata, da azahar

Magatakarda ta ce ranar Alhamis ta sama masu neman gurbi za su je da kansu a tattauna da su, kowa ya faɗi layin da yake so da bakinsa. In ka faɗa ka faɗa, ba canji sai wata shekarar.

Muna dosar shataletale ta ce, "'Yar taka fa ta zo ofis jiya."

Na ce, "Sigina, Hajiya."

"Ta tsare ni da tambaya. Me ake koyarwa a shekarar farko, me ake koyarwa a ta uku, su wa ke koyarwa, sun taɓa aikin ko a littafi suka gani. Har na fara jin kamar na yi wani laifi. Malam, wannan ba 'yar kujera mai juyawa ba ce."

Na ce, "Madubi, Hajiya."

Mun wuce shataletalen lafiya. Sau biyu na taka mata.

Laraba, bayan la'asar

Na kai wa Auta shayi da kaina. Labule a sauke yake. Ya juya kujerarsa tana kallon ƙofa, haka yake zama yanzu. Birukansa suna cikin gwangwani a kan tebur yadda maman yara ta jera masa, ba wanda ya motsa. Da hannun hagu ya karɓi kofin.

Na zauna a bakin gado na gaya masa komai, har da fanka. Na ce, "Tana jin maganarka fiye da tawa. Ka gaya mata."

Ya ce, "In gaya mata me, Yaya?"

"Abin da ka gani."

Ya daɗe yana kallon kofin. Na ji ƙarar famfo a tsakar gida, na ji Inna tana faɗa da kyanwa. Can ya ce, "Sukari ya yi yawa."

Na ɗauki faranti na fito.

Alhamis, da safe

Bai kamata in tambaye shi ba. Mota lafiya.

Juma'a, bayan magariba

Wani ɗan kasuwa ya zo makarantarmu ta tuƙi yau, agogo a hannu, makullin sabuwar mota a ɗaya hannun. Wai yana so a koya masa a mako ɗaya ya je gwaji. Ya ce ai ya iya gaba, ya iya tsayawa, me ya rage? Na ce baya ta rage, da dare, da ruwan sama, da sanin abin da doka ta ce in wani ya buge ka. Na ce masa ni wanda bai iya sam ba bai ba ni tsoro kamar mai rabin koyo, don shi mai rabin koyo titi zai hau. Ya ce zai je wata makarantar. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Mai makaranta ya ɗan ɓata rai, amma ya san halina. Na ba da labarin a wurin cin abinci, na ɗan ƙara gishiri. Maman yara ta ce wata rana gaskiyata za ta bar mu da yunwa. Ƙofar ɗakin baya a buɗe take kaɗan. Kwana biyu ke nan yana barinta haka.

Asabar, da safe

Edita ta same ni ina duba mai. Ta ce, "Baba, na yi tunani. In diflomar kake so, ita zan faɗa ranar Alhamis."

Na ce, "Ke fa?"

Ta ce, "Ba komai." Ta riƙe min bonet har na gama, ta rufe shi a hankali, ta shiga gida.

Shi ke nan, an gama. Abin da nake so ke nan. Shekara biyu, ofis, ta dawo gida da la'asar. Na sake bin lissafin daga farko, ban ga inda ya karkace ba.

Na bar shayina a kofi.

Asabar, da yamma

Maman yara ta ba da labarin maƙwabciya da firjinta, kuma ta faɗi ranar ba daidai ba. Duk mun sani. Na jira Edita ta ce ba haka aka yi ba. Ta ci gaba da cin abincinta.

Lahadi, bayan azahar

Zan rubuta wannan daki-daki don kada in gyara shi a kaina daga baya.

Muna shirin fita darasi sai ga Auta a bakin ƙofa, da takalmi a ƙafarsa. Ya ce, "Akwai wuri a baya?" Inna tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba, amma hannunta ya tsaya. Na ce akwai. Ya shiga yana runtse ido saboda rana.

Na ce yau ba fili, titi za mu hau. Edita ta ja mu. Muka wuce gidan burodi, muka wuce makarantar firamare. Lahadi ce, hanya ba cunkoso. Auta ya sauke gilashi kaɗan. Ina kallonsa ta madubin gefe, yana bin shaguna da ido kamar baƙo.

Muka doshi mararrabar gidan mai. Ba kowa, sai wata motar kaya can nesa. Edita ta riga ta rage gudu, ta duba dama da hagu, ta fara shiga. Mota ta yi tsalle ta mutu a tsakiyar hanya.

Ta ce, "Baba, ƙafarka."

Na ce, "Ban taka ba."

"Ka taka. Tun daga gida kake takawa. A gidan burodi ka taka, a firamare ka taka. Kullum ina ji, ban dai faɗa ba ne."

Kusan shekara ashirin, ba ɗalibin da ya taɓa ce min haka.

Sai na ji wani sauti a baya. Na juya a tsorace, ashe dariya ce. Auta ne yake dariya har yana riƙe haƙarƙari, yana cewa wayyo. Ya ce, "Yaya, har yanzu? Ni ma haka ya yi min, Edita. Sai da na shekara ina zaton motoci da kansu suke tsayawa in sun ga rami."

Na ce ta tayar da mota mu gyara fakin. Ta tayar, ta kai mu gefen gidan mai, ta ja birkin hannu. Ba wanda ya ce a tafi.

Auta ya share idonsa ya ce, "Yaya, ni me na yi a kwaleji?"

Wallahi ban taɓa tambayar kaina ba.

"Satifiket. Ɗan ƙaramin kofin nan naka, ina jinku ta taga. Kai ka kai ni ranar farko. An koya min yadda ake samo labari, kuma na iya. Ba wanda ya koya min abin da doka ta ba ni da abin da ta hana ni. Ba wanda ya ce min ga abin da ake adanawa kafin a buga, ga wanda ake sanar wa kafin a je wani wuri. A can na koya."

Bai ce ina ba. Ba mu tambaya ba.

Ya taɓa kujerar Edita. "Ke da kika je kika tsare musu ofis, a wace shekara ake koyar da doka?"

"Ta uku, Baffa. Da tantance labari. A ta huɗu ana tura mutum gidan jarida ya yi aiki a ƙarƙashin wani babba."

"Wato da birki a gefensa."

"Eh."

"A diflomar Babanki fa?"

"Babu. Akwai yadda ake shirya taro."

Ya jingina da kujera. Muryarsa ta koma ƙasa. Ya ce, "Ka ce in gaya mata abin da na gani. Na gani, kuma ba na fata ta gani. Ban ce ta shiga ba. Amma wannan da kake kallo, ko ka ɗaure ta a kujera mai juyawa, wata rana za ta ce wa mai kamfani ba haka aka yi ba. Ta fito ta nufi gidan jarida da abin da ta tsinta. Shekaranjiya me ka ce wa ɗan kasuwan nan?"

Mai sayar da mai ya leƙo ya ce in ba za mu sha ba mu ba wasu wuri. Edita ta kawo mu gida. Ban san ko na taka ba a hanya. Ina jin na taka sau ɗaya.

Auta ya koma ɗaki ya yi barci har la'asar. Ya bar takalmansa a bakin ƙofa.

Litinin, bayan la'asar

Na je wurin Inna da niyyar in bi da ita a hankali. Na fara da satifiket.

Ta ce, "Kai, rufe min baki. Takwarata ta riga ka tun tuni. Kullum tana nan da 'yar wayarta tana ɗaukar maganata, wai gwaji take. Ta tambaye ni yadda na raine ku, ta koma ta tambayi ƙanwata, ta dawo ta ce maganarmu ta saɓa. Ni za a tantance!"

Na ce, "Inna, kin sani kika yi shiru?"

"Ina jira in ga ranar da za ka gama jera kofuna. Na yi kukana na share. Ka zaci kai kaɗai ke da ido a gidan nan?"

Na ce to me ta gani.

Ta gyara zama. Ta ce, "Ban ce ina so ba. Na wancan ɗakin ma ban so ba, na yi faɗa har muryata ta dishe. Ga shi dai. Amma ko yau ka tambaye ni a 'ya'yana wane ne bai taɓa yi min ƙarya ba, kada ka ji haushin amsar."

"Inna, ni yaushe na yi miki ƙarya?"

"Maganar makaranta ce," ta faɗa da irin muryata. Sannan ta ce ƙafar gadon da na gyara ta sake karkacewa.

Na gyara. Na fito ina jin kunya, kuma ina jin sauƙi. Ban san ana haɗa su ba.

Talata, bayan sallar asuba

Na kira Edita ta riƙe min bonet. Ruwa, mai. Na ce, "Shekara huɗu fa da yawa."

Ta ce, "Eh, Baba."

"Sai kin riƙa tashi da wuri. Kuma darasin doka, ban yarda ki zauna a baya ba."

Ta ce, "Baba, ban gane ba. Wanne kake nufi?"

"Kin gane."

"Ba na so in ce ka ce abin da ba ka ce ba. Kofin shayi ko jug?"

Yarinyar nan za ta wahalar da mutane. Na ce, "Jug. Digiri. Aikin jarida. Kin ji da kunnenki."

Ta saki bonet, saura kaɗan ya datse min yatsa. Ta ruga cikin gida tana kiran mamanta. Na ƙarasa taya da birki ni kaɗai.

Laraba, da azahar

Tsoron yana nan, bai je ko'ina ba. Na ce bari in rubuta sunansa sau ɗaya.

Lauya ya bugo waya, an sake ɗage ranar zaman kotu. Auta ya ce to. Ya ci abincinsa duka.

Magatakarda ta shiga shataletale yau ana tsakiyar cunkoso. Na janye ƙafata baya don in gwada kaina. Ta yi salati tun daga shiga har fita, ta zagaya sau biyu don ta rasa hanyar fita, wani mai tasi ya yi mata hon ta ce masa Allah ya shirye shi. Amma ta fita. Ta tsaya a gefe.

"Malam, ni na yi?"

"Ke kika yi, Hajiya."

Ta yi murmushi, sai kuma ta haɗe gira. "Sauran ranakun fa?"

Na ce, "Madubi, Hajiya."

Alhamis, da yamma

Edita ta ce ita za ta tuƙa mu zuwa kwaleji. Hanyar tana da shataletale babba, ga safiya, kowa yana sauri. Na tsaya a bakin mota ina tunani. Na san ƙafata, ba ta shawara da ni. Sai na cire takalmin dama, na shiga, na naɗe ƙafar a ƙarƙashina na zauna a kanta. Maman yara ta leƙo ta taga ta ce, "Wannan kuma wane tsari ne?" Inna ta tofa wa takwararta addu'a ta gyara mata mayafi. Auta ya ba ta biro ɗaya daga gwangwaninsa, ya ce aro ne.

A shataletale wata bas ta yanko mana ba sigina. Na ga gefenta ya cika gilashi. Duk jikina ya taka birki, ƙafar kuwa tana ƙarƙashina. Mota ta tsaya. Ba ta mutu ba. Edita ta bar bas ɗin ta wuce, ta duba madubi, ta sa giya. Ta ce, "Ɗan rabin koyo ne, Baba."

Na jira ta a ƙarƙashin bishiya a wurin fakin. Magatakarda ta hango ni ta taga ta ɗaga min hannu biyu, kamar yadda take sakin sitiyari.

Da Edita ta fito na ce yaya. Ta ce mutum uku ne a tebur. Sun tambaye ta layi, ta faɗa. Sun ba ta wani ɗan labari ta nuna abin da ba a tabbatar ba a ciki. Sannan babbansu ya dubi sunan gidanmu ya tambaye ta ko tana da alaƙa da wane.

"Me kika ce?"

"Na ce Baffana ne."

"Sai suka ce me?"

"Da zan fita ɗaya ya ce in gaishe shi."

Sai wata mai zuwa za a kafe sunaye. Ta ce ko ba ta samu bana ba, baɗi ma abin da za ta faɗa ke nan. Na ce na sani.

Ita ta dawo da mu. Da muka iso na kasa saukowa, ƙafar ta mutu murus. Sai da Auta ya kama ni, da hannun hagu, yana cewa a kawo wa tsoho sanda.

Juma'a, da safe

Inna ta ɗauke mayafinta daga kan rediyo, ta ce wanki za ta yi. Ba ta kawo wani ba.

Auta ya fito da kofinsa ya zauna a teburi. Ya daɗe yana kallon rediyon, sannan ya miƙa hannu ya kunna. Ana cikin labarai Edita ta ce, "Ba haka aka yi ba." Auta ya ce, "Wa ya gaya miki? Mutum nawa kika tambaya?" Na bar su suna musu, maman yara tana cewa a bar ta ta ji farashin kaya.

Ruwa, mai, taya. Na taka birkin gefena, yana kamawa sosai. Yana nan in an buƙace shi. Har yanzu ɗingishi nake.